Yadda Kishina Ya Hana Ni Biza

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Abatcha, mai girma Mai Unguwa, malamanmu limamai, surukina Malam Ari da iyalansa da suka taso tun daga Yindiski, abokan aikina malaman makaranta, iyayena mata, musamman Mama Oche da nake hange can gefen hagu, 'yan uwana mutanen Dogo Tebo maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana. Ina gode muku da kuka rufe shaguna, kuka baro gonaki, wasu kuka ajiye Keke Napep a bakin titi, don kawai ku yi bankwana da ni, Muhammad Auwal, da 'yata Habiba. An ce in tashi in yi godiya in zauna. Godiyar na yi, amma ina roƙon shugaba ya ƙara mini lokaci kaɗan, domin akwai maganar da ta tsaya mini a rai, kuma ba na son in hau jirgi da ita.

Magana ta farko. Kun san matata Khaulat ma'aikaciyar jinya ce, kuma shekara uku ke nan da ta samu aiki a Birtaniya. Da yardata ta tafi, ni na raka ta har Abuja, a kan cewa da zarar ta daidaita za ta nema mana biza mu bi ta. A can ta tarar da Oche, ɗan wannan baiwar Allah Mama Oche, wanda suka yi aiki tare a nan Potiskum kafin ya riga ta tafiya. Shi ya nemo mata ɗaki, shi ya nuna mata motar da za ta riƙa hawa, shi ya kai ta inda ake sayar da naman halal. Duk wayar da muka yi, sai na ji sunansa. Oche ya ce, Oche ya kawo, Oche ya gyara. Jama'a, ni ina nan ina shaƙar ƙurar alli a aji, wani namiji yana can yana ɗaukar wa matata kaya. A baki ina cewa Allah ya saka masa, a zuciya kuwa ina ƙirga sau nawa ta ambace shi.

Magana ta biyu ita ce mai nauyin. Wata rana ta turo mini hotonta sanye da wata doguwar rigar sanyi ja, tana dariya. Ban ga dariyar ba, rigar na gani. Na kira ta nan take, na ce, "Wa ya saya miki wannan?"

Ta ce, "Baban Habiba, matar Oche ce ta ba ni. Ta yi mata kaɗan."

Na ce, "Matar Oche, ko Oche?"

Sai ta ce, "Ni kake yi wa wannan tambayar?"

Na kashe wayar. Daga ranar sai da na yi wata huɗu ban ce mata uffan ba. Ta kira, ina kallon wayar har ta gaji. Ta rubuto, in karanta in ajiye. Idan tana son jin muryar 'yarta, sai dai a kai yarinyar gidan kakanninta. Kuma kada ku ɗauka na manta da ita ne. Wallahi a rana nakan duba fiye da sau ashirin in ga ko tana kan layi, in na gan ta kuma in ce, to da wa take magana? Malam Ari ya tako da ƙafarsa har ƙofar gidana, dattijo kamarsa, ya ce, "Auwalu, in laifi ta yi ka faɗa mini." Na sunkuyar da kai na ce babu komai, domin ba ni da laifin da zan nuna.

Magana ta uku. Da muka ɗan shirya tsakaninmu, Khaulat ta shigar da takardun neman bizar. Aka nemi takardar aure, muka bayar. Aka nemi hotunan biki, muka bayar. Na je Abuja aka yi mini gwajin tarin fuka, aka ɗauki zanen yatsuna. Sai aka nemi shaidar cewa auren nan yana raye, wato hirarrakin da muke yi a waya. Muka tura. Bayan makonni amsa ta zo: an hana. Dalilin a rubuce yake ƙarara. Mai duba takardun ya ga wata huɗu mace tana rubutu miji ba ya amsawa, ya ce bai gamsu akwai zaman aure a tsakaninmu ba.

A garin nan kuwa me aka ce? Wasu suka ce gemuna aka gani. Wasu suka ce mahassada ne suka sa hannu. Wasu har suka ce Khaulat ce ba ta son in je. Na ji duk wannan, na yi gum, na bar ku kuna zargin waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Yau ina faɗa muku da bakina: ba wanda ya hana ni biza sai ni.

Da za mu sake nema, aka ce mu haɗa da wasiƙar wanda ya san zamanmu. Oche da matarsa suka rubuta. Na karanta wasiƙar a ofishin malamai. A ciki Oche ya faɗi yadda Khaulat ke ɗaukar aikin ƙarin lokaci don ta kama gidan da zai ishe mu mu uku. Ya faɗi ranar da suka tarar da ita a bakin asibiti tana kuka da waya a hannu. Kuna tsammanin kunya ce ta fara kama ni? A'a. Kishi ne ya sake taso mini. Na ce, wato shi ya ga hawayenta, ni mijinta ban gani ba. Sai da na kai ƙarshen takardar sannan na tambayi kaina wane ne ya jawo hawayen. Da wannan wasiƙa biza ta fito.

Mama Oche, na zargi ɗanki da abin da bai yi ba, alhali alheri yake yi mini. Ki yafe mini, kuma idan na isa zan roƙe shi ido da ido. Baba Malam Ari, na mayar da kai gida da ƙarya, ka yafe mini. Ba zan tsaya a gabanku in ce kishin ya fita ba, domin har yanzu in na ji sunan nan sai ya motsa. Abin da na ɗauka alkawari shi ne, ba zan ƙara hukunta ta da shi ba.

Ga Ummul-Khair can, ƙanwar matata, tun ɗazu take ɗaga waya sama. Na san Khaulat ce a kan layi, kuma ba ta san zan faɗi wannan ba. Maman Habiba, a ɓoye na ci mutuncinki, shi ya sa na zaɓi in wanke ki a bainar jama'a, a gaban mahaifinki. Ba ki yi komai ba. Ki yi haƙuri.

Allah ya saka wa kowa da alheri. Allah ya zaunar da gidajenmu lafiya, ya haɗa duk miji da matar da nisa ya raba, ya tsare zukatanmu daga mummunan zato. Allah ya ba garinmu Potiskum da jiharmu Yobe zaman lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.