Ƙwayoyin Da Na Raba Wa Maƙwabta

Salamu alaikum mai gabatarwa, gaisuwa daga Ɗanzomo.

Bara waccan tarin fuka ya kama ni, likita ya ce in sha magani shekara guda. Da na yi wata huɗu na ji garau, sai na raba wa maƙwabta sauran ƙwayoyin, don ina jin kunyar ɓoye magani suna tari.

Bana ciwon ya dawo har da jini. Yanzu likita ya ce shekara ɗaya da rabi, ga allura kullum a Gumel. In na sake yankewa, maganin ba lallai ya ƙara yi mini aiki ba.

Ga ruwan shuka ya sauka, hankalina yana gona. Masu sauraro, yaya zan yi? Maƙwabtana, ina gaishe ku. Ku zo a auna ku, ashe cutar ku na yi, ba taimako ba.