Na Zubar da Maganin Ɗana a Kanal

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Ka yi haƙuri da na dame ka da maganar da ya kamata ta tsaya cikin gida. Ta fi ƙarfina ne.

Ɗana Sani manomin tumatir ne a wajen Kura. Wurin ban-ruwa abokan aiki suka koya masa jefa ƙwayar taramol a shayi, wai don kada ya gaji. Shekara uku ke nan, in bai sha ba sai zufa da rawar jiki.

Muka kai shi asibiti a Kano. Likita ya ɗora shi a kan wani magani, ya ce da shi za a raba shi da ƙwayar sannu a hankali. Sani ya fara cin abinci, har ya koma sallar jam'i. Sai maƙwabciyata ta ce, "Yaya, ai wannan ma ƙwaya ce, maye kawai kika sauya masa." Tsoron Allah ya kama ni, na kwashe maganin na zubar a kanal ɗin ban-ruwa. Bayan kwana huɗu ya koma wa taramol. Da na faɗa masa ni na zubar da maganin, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Inna, da kin bar min shi."

Yanzu baffansa ya ce ranar Asabar zai kai shi gidan mari a ɗaure. Ni kuma kunyar likita nake ji, ban kuma san ko maganin ya halatta ba. Kuka kawai nake yi.

Don Allah ka tambayar min malami da likita: asibiti zan mayar da shi, ko in bar wa baffansa? Ku amsa min kafin Asabar.