Idon Talatu da Askar Wanzami

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, iyayena da 'yan'uwana. Ni ne Bulus mai gyaran keke na bakin kasuwar Makarfi. Masu dariya a baya, na san ku, har da wanda sarƙarsa ke wurina.

Kun san halina na dā. Ban iya ganin abu a rufe in ƙyale shi ba. Agogon surukina na buɗe, yau shekara bakwai ƙarfe uku yake nunawa.

To, daminar da ta biyo bayan samun 'yancin kai, matata Rifkatu ta haihu tun cikin bai cika wata bakwai ba. 'Yar, in na sa ta a hulata sai an lalubo ta. Cikin auduga muka naɗe ta, a ƙirjin uwarta. Amma idanun a manne, ko tsaga babu.

Na ce wannan ai ƙaramin gyara ne. Na hau keke sai Kudan, na ɗauko wanzami, na ce ya ɗan tsaga mata ta ga duniya.

Muna shiga gida sai ga Baba Saratu ungozoma, wadda ta yi aiki a asibitin mishan, zaune a bakin ƙofa. Ta dubi zabirar wanzami, ta dube ni.

Ta ce, "Bulus, taya ce ta fashe?"

Na ce, "Baba, ido za a buɗe."

Ta ce, "Ɗan nan, kowa haka ya yi a ciki, har kai mai kan kwano. Wajen wata na uku fatar sama da ta ƙasa suke haɗuwa su manne, idon ya ƙarasa nuna a ɓoye. Sai an doshi na bakwai suke rabuwa. Yarinya ta yi sammako ne kawai. Ka taɓa ɓare auduga kafin ta fashe da kanta?"

Wanzami ya rataya zabirarsa ya ce, "Malam Bulus, mai da ni inda ka ɗauko ni."

Da kaina na ɗauko askar da za ta makantar da 'yata. Na durƙusa nan tsakar gida na ce, "Ya Ubangiji, kai ka rufe, kai za ka buɗe. Ni dai ka riƙe mini hannun nan."

Kwana goma sha ɗaya ina zaune a kan hannuwana. Ran na sha biyu da hantsi, idonta na dama ya ɗan buɗe. Ta dube ni, ta mayar ta rufe. Rifkatu ta ce, "Ta ga ubanta, ta fasa."

Ga 'yar tawa Talatu can kusa da uwarta. Idon nan, ko ƙosai ɗaya na ɓoye a aljihu sai ta gani.

Godiya ta tabbata ga Allah. 'Yan'uwa, abin da ya rufe muku, kada ku nemo masa aska, lokacinsa na zuwa. Agogon surukina kuwa, ku taya ni da addu'a. Amin.