Jelar Tsuntsun Kan Tanki

Auta: Salamu alaikum, Baba. Ina kwana?

Baba: Wa alaikumus salam. Auta ce? Lafiya lau. Ya maigidan naki? Ya 'yan jikokina?

Auta: Duk lafiya, suna gaishe ka. Ya gida, ya kaɗaici?

Baba: Wane kaɗaici? Ni da gidan nan cike yake da baƙi.

Auta: Baƙinka masu fukafukai dai. Ka karya kuwa?

Baba: Na me? Wa ya faɗa miki?

Auta: Kumallo, Baba. Na ce ka karya kumallo?

Baba: Au. Layin ne ke tsinkewa. Na sha shayi.

Auta: Ƙarar mene ne wannan? Kamar ƙarfe ya faɗi.

Baba: Sandar nan ce ta asibiti, ba ta jinginuwa da kyau.

Auta: Sandar asibiti? Baba! Me ya kai ka asibiti?

Baba: Ke dai akwai kunne. Ɗan targaɗe ne, likita ya ga dama ya naɗe min ƙafar da siminti har gwiwa.

Auta: Innalillahi! Ana sa wa targaɗe siminti? Karaya ce! Yaushe? Garin yaya?

Baba: Tsani ne ya zame. Ni ban faɗi ba, shi ya faɗi, na bi shi.

Auta: Me kake nema a kan tsani da shekarunka?

Baba: Jela.

Auta: Me? Ban ji ba.

Baba: Jelar tsuntsu! Kin ga hoton da na turo miki, wanda ke zaune kan tankin ruwa? Na sa shi a zauren nan namu na waya, na masu kallon tsuntsaye, na rubuta shaho. A dokarmu sai mutum biyu sun yarda da kai kafin a karɓi suna. Sai wani malamin makaranta ya rubuto wai shirwa ce. Ni! Ni da na tashi ina korar shirwa daga kan 'yan tsakin kakarku, yau za a koya min shirwa?

Auta: To shi ne me? Ka bar musu mana.

Baba: In bar musu? Jelar shirwa a tsage take kamar bakin almakashi, ta shaho kuwa a'a. A hoton murfin tanki ya tare jelar. Na ce to bari in hau in ɗauko hotonsa ta baya, kowa ya kama bakinsa.

Auta: Ga shi ka kama ƙafarka. Haba Baba! Da kanka ka buga fa? Wa zai sani? Yanzu zan kira Yaya, gobe mu zo da mota. Ɗakin baƙi na nan a share, ka dawo wurina.

Baba: Bene hawa na uku? Tagar da ke kallon bangon maƙwabta? Ko kurciya ba ta sauka a wurin.

Auta: Akwai talabijin, akwai jikokinka.

Baba: Auta, saurara. Tun da mahaifiyarku ta rasu, in gari ya waye ba abin da ke fitar da ni daga ɗaki sai tsuntsayen nan. In cika musu kasko da ruwa, in zauna in ga wa ya zo. Kika raba ni da tsakar gidan nan, kwanciya zan yi, kuma ba ƙafa ce za ta kwantar da ni ba.

Auta: Kar ka sa ni kuka mana. Tsoro nake ji, Baba.

Baba: Na sani. Maƙwabcina tela ya ɗauke tsanin ya kulle a shagonsa, matarsa na aiko da abinci. Kujerata ma ya fito min da ita gindin bishiya, daga nan ina hangen tankin.

Auta: Ni fa na buɗe hoton nan yanzu. Gaskiya, Baba, ni ma shirwa na gani.

Baba: Ke ma? Ke da ba ki bambance agwagwa da... tsaya. Shhh! Ga shi ya sauka.

Auta: Kar ka tashi! Baba, na roƙe ka, kar ka taka ƙafar nan!

Baba: A zaune nake. Yi shiru, yana juyawa. Juya, ɗan albarka, juya... ga jelar nan.

Auta: To? A tsage take?

Baba: Bari in ƙara dubawa.

Auta: Baba? Kana ji na? A tsage take ko?

Baba: Wannan shirwa ce.

Auta: Ka gani! To mu zo goben?

Baba: Wannan na ce. Wannan daban, wancan daban. Nawa bai zo ba tukuna, kuma a kujerar nan zai same ni. Ki ce wa yayanki kar ya ƙona mansa a banza.

Auta: Haba Baba, don Allah ka...

Baba: Da wayar nan nake ɗaukar hoto, kin tare min ita. Gaida yara.

Auta: Baba! Baba?