An Ce Ina Tura Muryar Aljanu

Assalamu alaikum Malama mai gabatar da shirinmu, sannu da aiki. Sunana Habibu, ina da rumfar cajin waya da tura waƙoƙi a bakin tashar Yako.

Bara na faɗa wani shafin intanet da ƙananan mawaƙan duniya suke ɗora waƙoƙinsu da kansu. A nan na ji makiyayan Mongoliya suna waƙa da maƙogwaro, mutum ɗaya murya biyu. Wallahi sai na ji duniya ta buɗe mini.

Na tura wa abokina Ɗanlami ɗan acaɓa waƙar, ya kunna ta a ɗakinsa da magariba. Mahaifiyarsa ta ji gurnanin, ta ce aljani ya shiga gidan, har ta aika a kira mai ruƙiyya. Washegari labari ya zaga gari, wai Habibu yana tura muryar aljanu.

Yanzu mata sun daina aiko da wayoyinsu caji. Baba ya ce, "Ko ka goge waƙoƙin nan, ko ka rufe rumfar." Na ce to, amma na kasa gogewa. Ina ji a ɓoye kamar ɓarawo, ba ni da wanda zan ce wa "zo ka ji". Barin Yako kuma ba zai yiwu ba, gonar Baba a hannuna take.

Masu sauraro, ku ba ni shawara. Malama, don Allah ki sa waƙar ko sau ɗaya. In daga rediyo ta fito, Innar Ɗanlami za ta yarda mutum ne.