Lemon Zinaida

A layin shayi na gidan opera, wato wasan kwaikwayo na waƙa, a birnin Saratov na Rasha, lokacin hutun wasa, wata tsohuwa ta zunguri wani mai sanƙo.

"Kai ne mai shessheƙa a bayana?"

"Mura ce, Iya."

"Murar da ba ta tashi sai sarkin cikin wasan ya ga fatalwa? Shi yaro ya kashe don ya hau mulki. Kai wa ka kashe?"

"Shukar lemon matata Zinaida, ta kan taga. Marigayiya uwarta ce ta shuka. Zinaida ta yi tafiya, na manta ban ruwa. Na sayo wata na dasa a tukunyar. Shekara uku ke nan, kullum sai ta shinshina ta ce ƙamshin Mama."

"Wa ya sayo tikitin yau?"

"Ita. Bara ma ita, wannan wasan dai."

"Tana ina?"

"A bene. Wai kujerunmu ba su samu a jere ba."

"Ta ari madubin hangen nesa?"

"Ba ta fashi."

Tsohuwa ta tuntsire da dariya. "Wayyo ɗana! Ai ba sarki take kallo ba, kai take kallo."