Mantau da Sankarau

Ranar kasuwar Jega, Murjanatu mai nono na jiran kwalekwale a bakin gulbi, sai wata tsohuwa ta sauke goyo kusa da ita. Wuyan jinjirin ya sandare, maɗiga ta kumbura.

"Sannu, Inna. Wanga wuya hwa?"

"Sankarau, ɗiyata. Jikana ne. Karo na biyu ke nan, ko arba'in bai yi ba."

"Mi sunansa?"

"Mantau munka sa mishi, don ciwo shi manta da shi."

"To, ga shi ciwon ya fi ku riƙe suna."

Dariya ta kuɓuce wa tsohuwa. "Shi ya sa za ni Maiyama a sauya mishi Ajuji. Wa ke neman abin kirki bisa juji?"

"Kaji, Inna. Ki kai shi bariki, an ce likitan Nasara ya sauka da magani."

"Mai soka allura a gadon baya yana zuƙe ruwa? Wanzamin da ƙahonsa ya ɓata! Kuma sai ya tambayi sunan yanka da ƙarfi, ciwo na saurare. Ke Bahillata, ɗiya nawa gare ki da za ki koya mini?"

Murjanatu ta gyara faifan ƙwaryarta.

"Na yi Ajuji, na yi Ayashe, na yi Barmani. Ba wanda ya kai yaye."

Kwalekwale ya iso, mai fito ya yi ta kira. Tsohuwa ta ɗaure goyonta tamau, ba ta tashi ba.

"Barikin nan," ta ce, "ta ina ake bi?"